Kafin Ka Cike Fom: Karatun Sinanci, Japananci da Koriyanci a Jami'a

 

Darasin wannan fitowa gardama ce ta haife shi. A taron ƙungiyarmu na baya muna zagayen tambayar juna abin da kowa zai cike a fom ɗin JAMB, mai cewa likitanci na yi, mai cewa lauya na yi, sai wata 'yar aji shida ta ce ita Sinanci take son karantawa. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai wannan ba kwas ba ne. Wani ya ce to in ta gama, da wa za ta yi magana? Da dariya ta lafa sai muka lura babu ko ɗaya a cikinmu da ya san abin da ake koyarwa a irin wannan sashe, har da ita mai son shiga. Shi ya sa muka raba aiki a tsakaninmu, muka yi bincike, ga kuma abin da muka samo. Mun rubuta shi ne musamman domin 'yan aji biyar da shida, amma malamanmu ma muna roƙon su tsaya su duba, don su ake zuwa tambaya idan lokacin zaɓe ya yi.

Harsuna uku ne, ba ɗaya ba

Kuskurenmu na farko shi ne ɗauka cewa mutanen gabashin Asiya duk bakinsu ɗaya. A unguwa duk wanda aka gani da irin kamarsu sai a ce ɗan Caina ne, ko da daga Tokyo ya fito. Gaskiyar magana Sinanci da Japananci da Koriyanci ba ma dangin juna ba ne. Sinanci danginsa su ne harshen Tibet da na Bama. Japananci gidansa daban, Koriyanci ma haka. Idan Basine da Bajapane suka haɗu a tasha, kowa ya yi yarensa, babu mai fahimtar wani.

Abin da ya haɗa su rubutu ne da aron kalmomi. Shekaru aru-aru malaman Japan da na Koriya da rubutun Sin suke karatu, kamar yadda malamanmu na da suka yi karatu da wasiƙu da Larabci. Ta wannan hanya kalmomin Sinanci suka kwarara cikin harsunan biyu, yadda littafi da alƙalami da hankali suka shigo Hausa. Ga misali mai daɗi: kalmar jami'a. A Sinanci dàxué, a Japananci daigaku, a Koriyanci daehak. Dukansu daga alamomi biyu suka fito masu ma'anar babban karatu, kowa ya lanƙwasa furucin daidai bakinsa.

Ko a cikin ƙasar Sin ɗin ma ba baki ɗaya ba ne. Wanda ake koyarwa a jami'a shi ne Mandarin, harshen hukuma da makaranta, wanda aka gina a kan furucin Beijing. Mutanen Guangzhou, birnin da 'yan kasuwarmu suka fi sani, da na Hong Kong suna da nasu, Kantonis, wanda mai Mandarin zalla ba ya ji. Sai dai a kasuwannin Guangzhou Mandarin yana biyan buƙata.

Inda Bahaushe ya riga Bature

A nan ne muka sami labari mai faranta rai. Ku tuna darasin karin sauti a ajin Hausa. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, muryar ce ta raba su. Haka wuya da ake rataya sarƙa da wuya ta wahala. Mu tun muna goye kunnenmu ya saba da cewa hawa da saukar murya na canza ma'ana. Bature kuwa sai ya shafe watanni kafin ya yarda da wannan.

Mandarin yana da karin sauti 4, da wani mara nauyi na biyar. Ɗauki gaɓar ma. In ka riƙe ta a sama a miƙe, uwa ce. In ta tashi daga tsakiya zuwa sama kamar mai tambaya, rama ce ta igiya. In ta nutse sannan ta ɗago, doki ne. In ta faɗo daga sama da ƙarfi, zagi ne. Wanda ya fi wannan tayar da hankalin ɗan kasuwa shi ne mǎi da mài: na farko saye, na biyu sayarwa. Kuskuren murya ɗaya ya mai da mai saye mai sayarwa.

Amma kada mu yi saurin buga ƙirji. Karin sautin Hausa galibi mataki ne, wannan gaɓa sama, waccan ƙasa. Na Sinanci lanƙwasa ce a cikin gaɓa guda. Mai faɗuwa kaɗai muke da irinsa, kamar a kalmar kai ta jiki. Kunnenmu ya san akwai abin saurare, bakin ne zai sha horo.

Nahawun Sinanci kuwa sai mu ce Bahaushe hutu ya samu. Babu jinsin namiji da mace a sunayen abubuwa. Babu wahalar jam'i irin tamu, inda gida ke zama gidaje, birni birane, doki dawaki, kowanne da tasa hanyar. Aikatau ba ya canza siffa, ƙananan kalmomi ake ƙarawa don nuna an gama ko ana ciki. Jerin jimla ma irin namu ne: wǒ kàn shū, ni, karanta, littafi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne kalmomin ƙirga. Ba a cewa littafi uku haka kawai, sai an saka wata kalma a tsakani, běn ga littattafai, zhāng ga abubuwa masu faɗi irin takarda, tiáo ga masu tsawo irin hanya da kifi. Wanda ya san turmin atamfa da damin gero da ƙwaryar goro ya riga ya ga ƙofar abin, bambancin kawai su kusan kowane suna sai da tasa.

Japananci ta fuskar furuci shi ya fi kusa da bakinmu. Wasula 5 gare shi, a, i, u, e, o, kamar na Hausa. Yana bambanta dogon wasali da gajere yadda muke raba gari na mutane da gari na tuwo: obasan inna ce ko gwaggo, in ka ja wasalin tsakiya ka ce obaasan ta zama kaka. Yana kuma ninka baƙi yadda muke raba daba da dabba: kite na nufin zo, kitte kan sarki ne na wasiƙa. Inda zai juya maka kai shi ne jerin jimla, don aikatau a ƙarshe yake zuwa: ni, littafi, karanta. Koriyanci ma haka. 'Yan uwanmu masu jin Kanuri za su yi murmushi a nan, domin harshensu ma a ƙarshe yake ajiye aikatau.

Akwai kuma batun girmamawa. A Japananci da Koriyanci siffar aikatau kanta tana canzawa dangane da wanda kake yi wa magana, aboki ne, malami ne, ko baƙo. A Koriya ƙaramin yaro ba ya kiran wansa da suna, hyeong zai ce, yarinya kuma ta ce oppa. Wannan bai zama mana baƙo ba. Mu da muke cewa Yaya, muke ce wa dattijo ku maimakon kai, mun san dalilin. Sai dai su sun shigar da abin cikin ƙashin nahawu, ba yadda za ka buɗe baki ba tare da ka zaɓi matsayi ba.

Rubutu, inda ake zubar da gumi

Duk wannan fifiko da muka lissafa na kunne ne da baki. Da an zo rubutu, mu da Bature layi ɗaya muke.

Sinanci ba shi da abacada. Kowace alama gaɓa ce mai ma'ana, kuma sai an haddace ta: siffarta, furucinta, karin sautinta, ma'anarta, da jerin da ake bi wajen jan layukanta. Jadawalin da hukumar Sin ta fitar a 2013 yana da alamomi 8,105, kuma 3,500 na farko su ne na amfanin yau da kullum. Wanda bai kusanci wannan adadi ba, jarida za ta riƙa yi masa gardama. Akwai pinyin, hanyar rubuta furucin da haruffan boko da aka amince da ita a 1958, da shi ɗalibi ke farawa kuma da shi ake bugawa a waya. Amma sanda ce ta dogarawa. Littafi da kwangila da allon kan titi duk da alamomi ake rubuta su.

Abin ba hargitsi ba ne kamar yadda ido ke gani da farko. Ga 人 mutum, kamar ƙafafu biyu na tafiya. Ga 木 bishiya. Bishiya biyu, 林, kurmi. Uku, 森, dokar daji. Mutum a jingine da bishiya, 休, hutawa. Duk wanda ya taɓa zama gindin darbejiya da azahar ba ya buƙatar bayani. Irin waɗannan masu kama da hoto su ake nuna wa baƙo don ya ji daɗi, amma kaɗan ne. Mafi yawan alamomi gida biyu ne, ɗaya ya nuna fannin ma'ana, ɗaya ya nuna furuci. Alamar uwa, 妈, mace ce 女 a gefen doki 马. Ba wai ana haɗa uwa da doki ba ne: macen ta ba da ma'ana, dokin ya ba da sautin ma. Da ɗalibi ya gane wannan sirri, hadda takan fara sauƙi. Ku kuma sani rubutun iri biyu ne. Babban yankin Sin ya sauƙaƙa alamomi da yawa tun daga 1956, Singafo ta bi sahu, Taiwan da Hong Kong kuwa suna nan a kan na gargajiya masu yawan layuka.

Japananci ya haɗa rubutu uku a jimla ɗaya. Hiragana, alamomi 46 na gaɓoɓi. Katakana, wasu 46, galibi don kalmomin aro da sunayen baƙi. Da su za a rubuta sunanka in ka je. Sai kanji, wato alamomin da aka aro daga Sin, waɗanda jerin hukuma na 2010 ya ƙayyade 2,136 don amfanin yau da kullum. Adadin bai kai na Sinanci ba, amma akwai tarko: alama ɗaya takan sami furuci biyu ko fiye. Alamar dutse, 山, ita kaɗai yama ce, a sunan dutsen Fuji kuma san. Ta mutum a wani wuri hito, a wani jin, a wani nin.

Koriyanci ne ya zo da rangwame, kuma labarinsa ya burge mu ƙwarai. Sarki Sejong ya ga talakawansa ba sa iya koyon rubutun Sin, sai ya ƙirƙiro sabbin haruffa a 1443, aka bayyana su ga jama'a a 1446. Su ake kira Hangul. A yau haruffan asali 24 ne, baƙaƙe 14, wasula 10. An zana baƙaƙen ne a kan siffar baki lokacin furta su: ㄴ harshe ne ya taɓa dasashin sama, ㅁ leɓɓa ne. Ana tara haruffa a ɗan akwati su ba da gaɓa, ㅎ da ㅏ da ㄴ su zama 한, han. Koriya ta Kudu har hutu take yi ranar 9 ga Oktoba don tunawa da wannan rubutu. Biyu daga cikin 'yan ƙungiyarmu sun gwada, cikin mako guda suna haɗa baƙi. Sai dai haɗa baƙi daban, fahimta daban. Kowa ya san yaron da ke karanta Turanci tiryan-tiryan bai san me ya karanta ba.

Farashinsa awoyi ne

Makarantar da ke koya wa jami'an jakadancin Amurka harsuna ta kasa harsunan duniya gwargwadon lokacin da mai jin Turanci ke buƙata. Faransanci na rukunin farko, awa 600 zuwa 750 a aji. A rukunin ƙarshe akwai Sinanci, Japananci, Koriyanci da Larabci, kowanne awa 2,200, wato mako 88. Wannan lissafin aji ne kawai, ban da bitar gida.

Mu buga lissafi. In kana ba shi awa 2 kullum, babu Juma'a babu Lahadi, kwana 1,100 ke nan, shekara uku cur. In kana haddace alamar Sinanci 5 a rana, sai ka yi kwana 700 kafin ka kai 3,500, kuma wannan in ba ka manta ko ɗaya ba, alhali mantuwa ita ce abokiyar tafiyar. Mun ji daɗin ganin Larabci a wannan rukuni, don ya ba mu ma'auni. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san bambancin mai iya gaisuwa da Larabci da mai buɗe littafi ya karanta ya fassara, ya kuma san shekarun da ke tsakaninsu. A ra'ayinmu wannan kwas bai fi dacewa da wanda ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa ba. Ya fi dacewa da mai naci, irin ɗalibin da ke wanke allo ya sake rubutawa ba tare da an tsaya a kansa ba.

A jami'a ba harshen kaɗai ake yi ba. Shekarar farko furuci ne da rubutu da saurare, kusan kowace rana. Daga nan tarihi da adabi da al'adu da siyasar yankin su shigo, sai darasin fassara, sai tsohon Sinanci na littattafan da, wanda ya bambanta da na yau sosai. Jami'o'i da yawa suna tura ɗalibi ya zauna a ƙasar masu harshen na wani lokaci, kuma a nan ne baki ke buɗewa. Kowane harshe yana da jarrabawar da duniya ta sani, wadda masu ba da tallafi da masu ɗaukar aiki ke tambaya: HSK ga Sinanci, JLPT ga Japananci, daga N5 na masu farawa zuwa N1, sai TOPIK ga Koriyanci mai mataki 6. A tsarin HSK mai mataki 6, na farko kalma 150 yake nema, na huɗu 1,200, na shida 5,000. Ku duba tazarar da ke tsakanin na huɗu da na shida, za ku ga inda mutane ke sarewa.

Ta ina ake shiga?

A Nijeriya Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka suna ba da digiri a nazarin Sinanci, kuma kowace tana da Cibiyar Confucius, inda ake koyar da harshen ana kuma rubuta HSK. Darussan da ake nema a fom, a duba littafin JAMB na shekarar tare da malamin shawara, kada a dogara da jita-jita.

Ɗaya hanyar ita ce tallafin karatu. Gwamnatin Japan tana da na MEXT, ana nema ta ofishin jakadancinta, kuma mai digirin farko yakan fara da shekara guda ta koyon Japananci. Koriya ta Kudu tana da GKS, shi ma shekara guda ta harshe, sai ka ci mataki na 3 a TOPIK kafin ka wuce zuwa digiri. Akwai kuma Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja mai azuzuwan harshe. Gwamnatin Sin ma tana da nata tallafin. Duk waɗannan gasa ce mai zafi, sakamakon WAEC ko NECO mai kyau shi ne tikitin farko. Muna jan kunne: a nemi bayani daga ofishin jakadanci ko shafinsa na intanet. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ta bayan gida, a riƙe aljihu.

Wani abu da ya sa muka ji kunyar dariyar da muka yi: su sun daɗe suna koyon namu. Sashen Hausa na Rediyon Sin yana watsa shirye-shirye tun 1963, kuma iyayenmu sun saba jin Sinawa masu sunayen Hausa suna karanta labarai. Ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, haka ma a Jami'ar Hankuk ta Koriya ta Kudu. Ɗalibi a can ya zauna yana fama da ɓ da ɗ da ƙ da jam'in doki, babu wanda ya yi masa dariya.

Me za a ci da shi?

Wannan ita ce tambayar da Baba zai yi, kuma yana da gaskiya. Amsar tana kewaye da mu. Layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kamfanin Sin ne ya gina shi. Matatar mai ta Zinder da ta fara aiki a 2011 da haɗin gwiwar Sinawa aka yi ta. Wayoyin Tecno da itel na kamfanin Shenzhen ne, Toyota da Honda na Japan, Samsung da LG na Koriya ta Kudu. 'Yan Kantin Kwari sun san hanyar Guangzhou da Yiwu kamar hanyar ƙauyensu. Duk inda kuɗi ke tafiya tsakanin baki biyu, ana neman tafinta, mai fassarar takardu, malami, ɗan jarida, jami'in jakadanci.

Amma ba za mu ɓoye muku ba, rabin harshe ba ya ciyarwa. Gaisuwa da tambayar farashi yanzu wayar hannu tana fassara su nan take. Wanda ake biya da daraja shi ne mai karanta kwangila ya gano layin da zai cuci mai gidansa, mai zama a taron injiniyoyi ya fahimci abin da ake faɗa da wanda aka yi shiru a kai. Shi ya sa muke ganin ya fi kyau a haɗa harshen da wata sana'a: Sinanci da lissafin kuɗi, Japananci da injiniyanci, Koriyanci da kwamfuta. Mai zuwa karatun injiniya a can da tallafi ma ai harshen zai koya, ya dawo da abu biyu a hannu.

Aikin tafinta kuma amana ce mai nauyi. Shi kaɗai ne a wurin yake jin ɓangarorin biyu. In lebura ya kawo kuka a kan albashi, abin da tafinta ya faɗa shi ne abin da shugaban kamfani ya ji. Kakanninmu suna da labarai a kan tafintocin zamanin Turawa, masu daɗi da marasa daɗi. Mai son wannan aiki ya tambayi kansa tun yanzu wane iri zai zama.

Ita dai 'yar uwarmu da ta jawo wannan bincike ba ta fasa ba, sai dai ta ce za ta gwada kanta tukuna: alama 5 kullum har ƙarshen zango, in ta ɗore ta cike, in ta gaza ta san inda ta tsaya. Mu uku mun bi ta. Ga na makon farko, mun rubuta su da manyan layuka a ƙasan takardar nan: 一 ɗaya, 二 biyu, 三 uku, 人 mutum, 大 babba, wato mutum ya buɗe hannuwa. Mai son shiga ya kwafa a bayan littafinsa, ya same mu ranar taron ƙungiya bayan an tashi. A zo da fensir da takarda mai gida-gida irin ta lissafi, don kowace alama a cikin akwati ɗaya ake zaunar da ita. Kuma don Allah a bar takardar a jikin allo, kada a yage.